Ƙaramar Kyamara A Falon Doña Zulema

Ku yi haƙuri da ni yau, tun safe ba abin da ya shiga cikina sai ruwan mate, shayin ganyen nan namu mai ɗaci. Masu turo mini saƙo kuna cewa, "Noelia, me kike jira ne, ki auri bawan Allahn nan ki huta mana," duk na gan ku, na karanta. Ku tsaya ku ji abin da na aikata ranar Asabar tukuna, daga nan kowa ya faɗi son ransa.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: shekarata ashirin da shida, ni da mahaifiyata Griselda muke zaune a hawa na biyu na wani tsohon gida a unguwar Boedo. Da rana ina aiki a shagon wanke hotuna. Leandro shi ne wanda ya sa mini zobe wata takwas da suka wuce, yana da shagon tabarau a Almagro, kuma kada wani ya ce na ce mugu ne. Mutumin da zai zo ya gyara wa Mama famfo ba tare da an roƙe shi ba, ya wanke hannu, ya zauna ya saurari labarin ciwon gwiwarta daga farko har ƙarshe.

Matsalar ɗaya ce, tango, rawar nan da namiji da mace suke yi a rungume. Babana Rubén ɗan rawa ne, a kan takalmansa na koyi taku ina 'yar shekara biyar. Ina sha ɗaya ya bi abokiyar rawarsa ƙasar waje, wai aikin wata uku, ga shi yau shekara goma sha biyar. Tun daga nan ko a rediyo aka sako kiɗan, Mama tashi take ta kashe. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, tun ina sha bakwai nake satar jiki ina zuwa falon rawar Doña Zulema da ke saman gidan burodi, takalmana a ɓoye cikin ledar cefane.

Ranar da Leandro ya kawo zoben, a teburin kicin ɗinmu, ya riƙe hannuna ya ce, "Siririya, ba na hana ki komai a duniya. Amma ba zan iya barci ba ina tunanin kuncinki a jikin kuncin wani ƙato." Mama kamar jira take, ta ajiye cokali ta ce, "Rantse masa. A gabana." Na rantse. Na ce ni da rawa har abada, na tura takalman ƙarƙashin gado, kuma wata takwas ban taka matakalar falon nan ba.

Kwatsam ran Litinin sai ga kiran Doña Zulema. Shekararta saba'in da takwas, taba ta cinye mata murya, in tana magana sai ka rantse faɗa take.

"'Yar Rubén, ashe kina raye?"

"Ina nan, Doña."

"Mutanena suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, yaran yanzu kuma ba sa zuwa wurin da ba su gani a waya ba. Jikata ta buɗe mini shafi a intanet, babu hoton sawa. An ce kin iya hoto. Ki zo Asabar, in ya yi mini, kowane mako naki ne. Amma ki buɗe kunne: babu walƙiyar kyamara, babu ƙara, babu wata fitila da za ta shiga idon mutane. Wanda na ɗauko bara haske mini tsofaffi ya yi ta yi kamar ya kama ɓarayi, da tsintsiya na raka shi ƙasa."

Ina ajiye wayar na ga ina murmushi ni kaɗai a shago. Sai da na tuna Leandro murmushin ya gudu. Da yamma na rubuta masa komai, ban ɓoye ko kalma ba.

Ni: Hoto kawai zan ɗauka. Ba rawa.

Shi: Hoto kawai?

Ni: Ai na rantse maka.

Shi: To zan raka ki. Ina so in ga wurin nan da idona.

Ran Laraba ya shigo mana da kwali, yana ta washe baki. Kyamara ce ƙatuwa, da dogon baki, da fitilar walƙiya a kanta, nauyinta ya kai na tukunyar miya. Mama har da tafi.

"Kin gani ko? Wannan ita ce kyamarar mutanen kirki. Baftisma, bikin 'yan mata masu cika sha biyar, duk da rana tsaka, mutum ya dawo gida ya ci abinci a kan lokaci."

"Na ma riga na auna bayan shagona," in ji Leandro. "Mita uku da biyu. In muka sa farin labule, kin samu wurin aikinki, ina gaba kina baya."

Na ɗaga ta da hannu biyu na danna. Ƙarass! Kicin ya yi fari fat, kyanwarmu ta yi tsalle daga kan firji ta shige ɗaki. Na ce a hankali, "Leandro, in na shiga falon da wannan, ta taga Doña Zulema za ta jefo ni."

Fuskarsa ta faɗi. "Mai shagon ya ce ta fi kowacce."

"Ta fi kowacce da rana."

Mama ta ja tsaki, ta ce da shi ba da ni ba, "Rabu da ita, ɗana. Ita komai nata sai na duhu." Na mayar da kyamarar cikin kwalinta.

Alhamis bayan na tashi aiki na wuce titin Libertad, wurin Don Abelardo. Tsoho ne mai sayar da kyamarorin hannu a wani shago ɗan tsukuku, kuma a zamaninsa shi yake ɗaukar 'yan rawa hoto, har da babana. Ina gama yi masa bayani ya tashi ya ja labule, ya kashe fitilu, ya bar wani ɗan jan ƙwan lantarki guda ɗaya a lungu.

"Kyamarar dare a duhu ake gwada ta, yarinya. Wanda ya gwada miki a ƙarƙashin farar fitila, cutarki zai yi."

Na nuna wata 'yar kyakkyawa da na gani a gilashi, an rubuta tana jawo nesa kusa har sau talatin. Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

"Wannan ta masu kallon tsuntsaye ce. Rana na faɗuwa ta makance. Ke abin da kike nema, idonta ya buɗe warai, farantin cikinta mai kama haske ya zama babba, ta kuma iya rufe bakinta. In hoto ya fito da yashi-yashi, ba laifi, falon dama haka yake. Amma in ya fito da hazo, mutum da kai biyu, to wannan shara ce."

Ya ciro guda biyu ya ajiye a kan kanta, kowacce za ta shige jakar hannuna. Ta farko launin azurfa, mara nauyi, allonta yana ɗagowa, sai ka riƙe ta a daidai cibiya kana kallon ƙasa. Ta biyun baƙa ce, ta ɗan fi kauri, ba ta jawo komai kusa sai dai ƙafarka ta matsa, amma tana da 'yar tagar leƙawa da ake kafa wa ido, allon kuma ana iya kashe shi gaba ɗaya. Don Abelardo ya yanko baƙin salatif ya manne 'yar jar fitilar da ke gaban kowacce, ya ce ita ce take tona asirin mai hoto. Sannan ya koma tsakiyar shago ya rungume iska, ya fara taku da jujjuyawa, tsoho da tumbinsa.

"Ɗauki mana! Ko kina jira in faɗi?"

Na ɗauka da wannan, na ɗauka da waccan, babu wadda ta yi ko ƙyas. Muka haɗa kai muna dubawa. Ta azurfar ba ta yi laifi ba, amma baƙar, kai jama'a! Har gashin girarsa ɗaya-ɗaya, har zufar da ta taru a saman leɓensa, a cikin duhun da ni kaina da ƙyar nake ganin hancinsa.

"Ni dai da ke nake," in ji shi, "ta azurfar zan ɗauka. Kanki na ƙasa, idonki na kan allo, ba ki kallon kowa. Baƙar nan dole ki ɗaga kai ki kafa wa mutum ido. Kin dai san inda za ki."

"Allon yana haske, Don Abelardo. Fuskata za ta yi ta ƙyalli a duhu, Doña ta cinye ni ɗanya. Kuma ku dubi wannan, don Allah ku dubi wannan!"

Sai ya fashe da dariya yana nuna ni da yatsa. "Ga shi nan! Gyaɗa kan Rubén sak. Shi ma in abu ya yi masa, sai ka ga kai ya sauka sau ɗaya, shi bai ma san ya yi ba. Ki tafi da ita ki gwada zuwa Litinin. Amma wannan kan naki, ki ɗaure shi a can."

Na yi dariya na ce ya cika tsoro. 'Yan uwa, na yi dariya fa.

Asabar ƙarfe shida na shirya: baƙin wando, baƙar riga mai dogon hannu, gashi a ɗaure, ko jan baki ban sa ba, don kada wani ya zaci rawa na zo. Amma zan faɗa muku gaskiya tunda na saba. Na tsaya a gaban takalmana na roba na daɗe, sai na ɗauki wasu baƙaƙe marasa tsini masu tafin fata. Na ce wa kaina don ba sa ƙara a kan katako ne.

Mama tana kicin tana murza ƙullin taliyar Lahadi, gari har gwiwar hannu. Ta riga ta fito da farantan aurenta masu bakin zinariya, guda biyar, ta jera a kan tebur, don washegari Leandro da iyayensa za su zo cin abincin rana a sa ranar biki. Ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a ƙasan.

"Ɗaga ƙafarki."

Na ɗaga.

"Tafin fata."

"Ba sa ƙara ne, Mama."

"Ni za ki koya wa takalmi? Shekara goma sha biyu ina goge wa ubanki irinsu." Ta koma kan ƙullinta, muryarta ta yi ƙasa. "Kada ki kunyata ni, Noelia. Ba ni da ƙarfin jure na biyu."

Leandro ya zo da sabuwar farar riga, turarensa ya cika motar. Bai taɓa shiga irin wurin ba, don haka a hanya na yi masa karatu: mata layinsu daban, maza layinsu daban, waɗanda suka zo tare su zauna a baya, ba mai taɓa su. Namiji ba ya zuwa ya roƙi rawa da baki. Daga kujerarsa zai kalli mace, in ba ta so ta kau da kai, ba wanda ya sani, ba wanda ya ji kunya. In kuwa ta riƙe idonsa ta gyaɗa kai, to ta yi magana, sai ya taso ya ratsa fili ya zo ya ɗauke ta. Waƙa huɗu ake yi a jere, kuma barin mutum a tsakiya cin mutunci ne.

"Wato duk kurame ne," in ji shi yana dariya. "To in ya taso ta ce ta fasa fa?"

"Ba a yi. Ka ratsa filin nan kowa na kallo, ka koma kai kaɗai? Akwai wanda aka yi wa haka, bai sake hawa matakalar ba har ya mutu."

Muna hawa, warin man goge katako da hoda da tsohon turare ya doke ni, sai da na dafa bango. Komai yana nan yadda na bar shi: fitilu huɗu masu ruwan zuma, madubin da ya yi tabo, fankar da ke kuka. Doña Zulema tana teburinta na bakin ƙofa. Ta sumbace ni, ta auna Leandro da ido, ta miƙo hannu ta karɓi kyamarar ta jujjuya.

"Wannan 'yar kyankyason ce za ta yi aikin?"

"Na ɗauke ku sau biyu tun shigowata, Doña."

Ta duba, ta ga kanta, ta yi gyaran murya. "Ta fito mini da duk tsufana, munafuka. To, ke ki zauna can ƙarshen layin mata, jikin ginshiƙi, nan ne ake ganin fili duka. Kai kuma, mai tabarau, teburin da ke bayanta. Ka zauna ka sha abin shanka, kada ka taka mini fili."

Awa guda na yi ina aiki, kuma ban tuna rabon da in ji daɗi haka ba. Ido ɗaya a 'yar tagar, ɗaya a rufe, ba haske ba ƙara, ba wanda ya san ina nan. Na kama hannun wata tsohuwa a wuyan mijinta, na kama dunduniya a iska, na kama wani yana share goshi da hankici yana wa kansa murmushi. Ƙafafuna dai a ƙarƙashin kujera suna abinsu, na danne su suka ƙi. Wayata ta yi ta motsi a cinyata, Leandro ne, taku biyu a bayana.

Shi: Mai jan naktayen can ya kalle ki sau huɗu.

Ni: Ban gan shi ba. Aiki nake.

Shi: Ƙafarki tana motsi.

Na kife wayar.

A layin maza, kujera ta uku daga madubi, Don Casimiro yake zaune. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, shekara tamanin da ɗaya, kuma shi ne namijin farko da ya taɓa gayyata ta rawa a falon nan ina 'yar sha bakwai. Matarsa Amparo ta rasu shekara biyu ke nan. Tun daga ranar, kowace Asabar zai zo da kwat ɗinsa mai ruwan toka, takalmi a goge, ya zauna da kofin ruwan soda, idonsa a ƙasa, har a tashi. Matan sun yi kallon duniya sun gaji sun bar shi.

Aka sako sabon jerin waƙoƙi, irin masu sanyin nan na da. Ban san me ya tuna ba, sai ya ɗago kai. Fitilar da ke kansa ta haske rabin fuskarsa, ɗaya rabin a duhu, idonsa ya jiƙe, kuma kai tsaye ni yake fuskanta. Na daina numfashi. Na ɗauka sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Na san na samu hoton da ban taɓa samu ba a rayuwata. Na sauke kyamarar daga fuskata, idona har yanzu a cikin nasa, ina murmushi.

Kaina ya sauka sau ɗaya.

Na rantse muku ban san na yi ba, sai da na ga girarsa ta ɗaga. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ko da wani nake. Sannan ya ajiye kofin, ya dafa tebur, ya miƙe, ya fara sa maɓallin kwat ɗinsa.

"Wayyo Allah," matar da ke kusa da ni ta raɗa, ta damƙi hannuna. "Casimiro ya tashi!"

Maganar ta bi layi kamar an kunna ashana. Masu rawa suka rage taku suna buɗe masa hanya. Doña Zulema ta miƙe tsaye a bakin ƙofa, hannunta a kan baki. Shi kuwa yana tahowa a hankali, taku ɗaya bayan ɗaya, ƙirji a gaba, kamar yadda ya saba tun kafin a haife ni. Filin bai fi taku goma sha biyar ba, amma a cikinsu na yi tunanin duniya. In ce masa kuskure ne, hoto nake ɗauka? In bar shi ya juya ya koma a gaban mutum tamanin, bayan shekara biyu yana tara ƙarfin tashin nan? Na san ba zai sake dawowa ba, kuma na san ba shi da wani wurin zuwa.

Na juya. Leandro ya fahimci komai, ai ni na koya masa a mota. Fuskarsa ta yi fari.

"Noe," ya ce. "Kin rantse."

"Ka yafe mini. Ba zan iya mayar da shi ba."

Na ajiye kyamarar a kan teburinsa, na juyo, Don Casimiro yana tsaye a gabana da hannu a miƙe.

Na ce wa kaina zan yi ta a sandare, kamar mai raka mara lafiya asibiti. Zan bar tazara, zan bar idona a buɗe, duk juyin da muka yi zan nemi Leandro in nuna masa ba komai ba ne. Kwat ɗin tsohon yana warin kafur da sabulu, hannunsa a bayana yana karkarwa, takunsa na farko ma sai da ya yi tuntuɓe. Waƙar farko haka muka lallaɓa. Da ta ƙare muka tsaya, ya ce da ni a hankali, "Na zaci ƙafafuna sun bi Amparo, yarinya."

A ta biyu karkarwar ta tsaya. Hannun ya yi ƙarfi, ƙirjinsa ya ce mini nan, na je nan, ya ce tsaya, na tsaya, ya jira kiɗan ya cika sannan ya sake ni. Wata takwas jikina yana jiran wannan. Ban san lokacin da kuncina ya kwanta a nasa ba, ban san lokacin da na rufe ido ba. Ta uku da ta huɗu ba zan iya gaya muku komai a kansu ba, ban da cewa ba na son su ƙare.

Da aka gama ya rako ni har kujerata, ya ɗan sunkuya, ya koma yana tafiya kamar an cire masa shekara ashirin. Matan layi suna ta share ido. Na juya da bakina cike da ban haƙuri.

Kujerar Leandro ba kowa. Kofinsa rabi. Kyamarar tana tsakiyar tebur, an naɗe igiyarta tsaf an ɗora a kai, yadda yake naɗe komai.

Na kunna ta. Bayan hotunan Don Casimiro uku akwai wasu tara da ba ni na ɗauka ba. Takwas hazo ne, bai iya ba, bayan mutane da rabin fitila. Na taran kuwa ya fito tar. Ni ce, kuncina a na tsohon, ido a rufe, baki ɗan a buɗe, fuskar gaba ɗaya a sake. Na daɗe ina kallo, don ni kaina ban san ina da wannan fuskar ba.

Doña Zulema ta zo ta kaina tana leƙe, ta sa na yi baya na yi gaba. "Aikin naki ne," ta ce. "'Yar kyankyason nan tana gani. Wannan na ƙarshen shi za a fara sawa."

"Ba ni na ɗauka ba, Doña."

Ta dubi kujerar da ba kowa, ta dube ni, ta koma teburinta.

Na kira Leandro sau shida a bas, bai ɗauka ba. Sai da na kusa gida saƙo ya shigo.

Shi: Ki sayi kyamarar, tana da kyau. Kullum ina gwada idon mutane a shago, ashe nawa ne ke buƙatar gwaji. Shekara biyu muna tare ban taɓa ganin wannan fuskar ba.

Ni: Kuskure ne, Leandro. Kaina ne ya gyaɗa, ban sani ba. Tsoho ne, matarsa ta mutu.

Shi: Na sani. Ba tsohon ne damuwata ba.

Ni: Gobe za ku zo?

Ya karanta. Bai amsa ba.

Na tarar da Mama ta gama yanka taliyar, ta shanya a kan tawul, tana goge farantan nan biyar karo na ba adadi. Ta kalli bayana ta ga ba kowa.

"Ina Leandro? Bai hawo ya gaishe ni ba?"

Ba ni da ƙarfin ƙarya. Na kunna kyamarar na miƙa mata. Ta goge hannu a jikin riga, ta sa tabarau ɗin da Leandro ya yi mata kyauta, ta matso da hoton kusa. Na jira ihu, na jira zagi, har mari na jira. Ita kuwa hoton kawai take kallo.

"Wa ya ɗauka?"

"Shi."

"Allah sarki yaron nan," ta ce, muryarta ba ta ko rawa. "Sau ɗaya na taɓa bin ubanki falon nan. Ina zaune a teburin baya na ga wannan fuskar a kansa. Sai bayan shekara uku ya tafi, amma ni tun ranar na san ba nawa ba ne."

Ta ajiye kyamarar a hankali. Ta ɗauki faranti uku, ɗaya bayan ɗaya, ta mayar cikin kabad, ta rufe ba ƙara. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ina nan tsaye wayar ta yi haske.

Shi: Ina ƙofar gida. Ki sauko. Tambaya ɗaya zan yi miki, in kin amsa yadda nake fata, gobe za mu zo, kuma ba zan sake tayar da maganar ba har abada. Amma kada ki yi mini ƙarya. A cikin waƙoƙin nan huɗu, bayan kin rufe ido, kin tuna ina zaune a wurin ko sau ɗaya?

Mama ta karanta ta kafaɗata. Ta kama hannuna mai zoben ta matse har ya yi mini zafi, ta ce, "Ki ce masa e. Kalma ɗaya ce, 'yata. Ki ce e kawai."

Na fita. Matakalar gidanmu ashirin da biyu ce, na taka su ɗaya-ɗaya da takalmana masu tafin fata, ba sa ko ƙara. Ta gilashin ƙofa ina hango farar rigarsa, ya jingina da mota, kansa a ƙasa. Ina son mutumin nan, Allah ya sani ina son sa. Na sa hannu a kan mariƙin ƙofar, ina ta laluben ƙwaƙwalwata ko zan samu daƙiƙa ɗaya tak da zan ba shi da gaskiya.

Ban samu ba.